Kada Ki Rage Maganar Kowa, Balkisa

Tamanrasset, ranar Laraba.

'Yata Balkisa,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar uba ga 'yarsa, ina roƙon Allah Ya sa ki buɗe takardar nan cikin ƙoshin lafiya. Allah Ya tsare ki a kan hanyar Arlit da Agadas har ki sauka Yamai, Ya kare ki daga sharrin hanya da sharrin mutum, wanda kika gani da wanda ba ki gani ba. Na ba kawunki Agali takardar, na ce kada ya miƙa miki sai kun zo rabuwa a In Gezzam, domin abin da ke ciki ba zan iya faɗarsa ina kallon idonki ba.

Ba zan cika miki takarda da labarin gida ba, kin san yadda kika bar mu. Za ki fara aikin tafinta a ma'aikatar harkokin waje, za ki riƙa zama a bayan kujerar manya kina juya Larabci zuwa Faransanci, Faransanci zuwa Hausa, a ɗakunan da ake ƙulla abota tsakanin ƙasashe ake kuma warware ta. Ke kin san ni da shago a kasuwar Assihar, mai sayar da lalle da citta da turaren wuta. Kin ji ana cewa na taɓa yin tafinta a Agadas, amma ba ki san abin da ya raba ni da aikin ba, don ban gaya miki ba, na kuma hana innarki ta gaya miki. Yau zan faɗa. Ni a ƙarƙashin itace da bayan mota na yi nawa aikin, ke a ɗaki mai sanyi za ki yi naki, amma na tabbata mutanen da za ki tarar irin waɗanda na tarar ne.

Na bar Damagaram ina saurayi, ba ni da komai sai ɗan Faransancin da na samo a lekkol, wato makarantar boko. Na sauka Agadas a zamanin da Nasara ke zuwa kallon duwatsu da rairayi. Can na koyi tuƙi, na koyi Tamahak, harshen Buzaye, a wurin masu raƙuma, har wani Bafaranshe mai motocin yawon buɗe ido ya ɗauke ni. Dogo ne ƙwarai, shi ya sa muke ce masa Mushe Dogo, wato Malam Dogo a harshensu. Na yi shekaru tare da shi, ni ne direbansa, ni ne bakinsa a kasuwa da gaban hakimai. Yana cin tuwo da hannu, yana ce mini ɗan'uwana a gaban baƙinsa. Ranar da na auri innarki ya zo da rawani a kansa, an naɗa masa shi a karkace, mutane suna ta dariya shi ma yana yi. Ranar sunanki ya ɗauke ki a hannu ya ce idan kin girma shi zai kai ki karatu ƙasarsu. Na yarda da shi har cikin raina. A lokacin nan duk wanda ya zagi Faransa a majalisar shayi, da ni zai yi. Na ɓata da abokai biyu a kan haka, ɗayansu har ya rasu ba mu shirya ba.

Da tsaro ya lalace a arewa, ƙasarsu ta ce wa mutanenta su fita. Ni ban sani ba. Wata safiya na zo gidansa kamar kullum, na tarar da tsohon mai gadi zaune a bakin ƙofa da makullai a hannu. Ya ce sun tafi filin jirgi tun da sassafe, ya miƙo mini wata 'yar takarda mai layi biyu, godiya ce da fatan alheri. Na tambaye shi ina karen gidan, don ban ji haushinsa ba. Ya ce da shi aka tafi. Na zauna kusa da mai gadin har rana ta take, ban san abin da nake jira ba. Kwana uku kafin haka mun sha shayi tare, ya riga ya san ranar tafiyarsa, bai ce mini komai ba.

Na daɗe ina zaginsa a zuciyata, amma yanzu da na tsufa ba na jin mugu ne. Na yi imani yana sona iyakar yadda zai iya. Kuskuren nawa ne, da na ɗauka son da mutum ɗaya ke yi mini ya fi ƙarfin umarnin da zai zo masa daga babban birninsu. Za ki gamu da irinsa da yawa, Balkisa, maza da mata masu fara'a, waɗanda za su koyi gaisuwar Hausa don su faranta miki, su tambayi lafiyar innarki da sunanta. Ki amsa musu da fara'a, ki sha shayinsu, kada ki zama mai ɗaure fuska. Amma ki riƙa tuna cewa kowannensu yana ɗauke da takardar da wasu suka rubuta a wani buro, wani ofishi mai nisa, mutanen da ba su taɓa ganin ƙasarki ba, kuma ranar da takardar ta canja, shi ma zai canja ko yana kuka. Tun ranar da baƙo ya iso ki fara tambayar kanki abin da zai rage a hannunmu ranar da zai tafi.

Kuskurena na biyu daga cikin na farko ya fito, kuma shi ne wanda har yau yake hana ni sakewa.

Ina cikin wannan fushi sai gwamnati ta kawo sababbin abokai daga gabashin duniya, wani kamfani mai neman ma'adinai. Aka ce suna neman wanda ya iya Faransanci da Tamahak, na je da gudu. Na gaya wa kaina waɗannan ba su taɓa mulkinmu ba, ba su taɓa sa kakanninmu aikin tilas ba, su ma an taɓa wulaƙanta su, saboda haka 'yan'uwanmu ne. Gaskiyar magana, ba son su nake yi ba, haushin Mushe Dogo nake hucewa. Duk abin da zai ƙona ran Faransa a lokacin, ni daɗi yake yi mini.

Akwai wata rijiya a arewa da Agadas, tafiyar yini a mota, wadda makiyaya ke shayar da raƙuma da awaki. Kamfanin yana son ya kewaye filin da take ciki. Aka shirya zama da mutanen wurin a ƙarƙashin wani babban itacen ƙaya. Shugaban kamfanin yana magana da harshensu, tafintansa yana juyawa zuwa Faransanci, ni ina juyawa zuwa Tamahak. Akwai kuma wani babban ma'aikaci da ya zo daga Yamai, tun a mota ya gaya mini cewa manya suna jiran takardar nan da sa hannu, kada a tsawaita magana, abotar ƙasa da ƙasa ce ke kan wannan zama.

Mai magana da yawun makiyayan wani tsoho ne, Sidi, siriri, idonsa ɗaya ya mutu. Ya saurari duk alkawuran da aka jera, na tankin ruwa da na makaranta da na aikin yi, bai katse kowa ba. Da aka gama ya gyara rawaninsa ya ce:

"Ka gaya musu kakana ne ya haƙa rijiyar nan. Idan suka sa mata waya dabbobinmu za su mutu kafin damina. Ban yarda ba, kuma babu wanda ya yarda a cikin waɗanda ke zaune bayana."

Na ji kowace kalma, babu wadda ta shige mini duhu. Na dubi ma'aikacin nan na Yamai, na ga yadda ya kafe ni da ido. Na dubi baƙin, suna murmushi suna jira. Sai na buɗe baki na ce da Faransanci, tsohon yana godiya da zuwansu, yana da 'yar damuwa a kan ruwa, yana roƙo a duba masa. Shugaban kamfanin ya gyaɗa kai ya ce lalle za a duba. Na juya wa Sidi na ce sun ji, sun ce za su duba maganar rijiya. Ya ɗauka sun janye. Aka kawo takarda aka ce ta shaidar an yi zama ce, ya dangwala yatsa. A hanyar komawa ma'aikacin ya dafa kafaɗata ya ce na iya aiki, irina ƙasa ke bukata. Ban ɓoye miki ba, na ji daɗin yabon.

Ba a yi wata biyu ba aka kewaye filin. Tankin da aka yi alkawari ya zo, ya yi aiki na ɗan lokaci, injinsa ya lalace, ba a sake waiwayarsa ba. Ni ina Agadas ina sa riga mai guga, ina gaya wa kaina ba ni na sa waya ba.

Bayan kusan shekara na shiga kasuwar dabbobi, sai na ji an riƙe mini hannun riga. Sidi ne. Ya kawo ragowar raƙumansa zai sayar, ƙasusuwansu duk a waje. Bai ɗaga murya ba. Ya ce wani malamin lekkol ya karanta masa takardar da ya dangwala wa yatsa, an rubuta a ciki cewa shi da mutanensa sun yarda da farin ciki. Sa'an nan ya dube ni da idon nan nasa guda ya ce:

"Su ba su jin harshena, ban riƙe su da komai ba. Kai ne bakina a ranar nan. Ina ka kai maganata?"

Balkisa, na iya harshe huɗu, amma ban samu kalma ɗaya a cikinsu da zan ba shi ba. Ya jira, sa'an nan ya saki rigata ya koma wurin raƙumansa. Da na isa gida na gaya wa innarki, ina zaton za ta lallashe ni. Tana tankaɗe gari, ba ta ɗago ba, ta ce a danginsu wanda aka aika da magana ya canja ta a hanya ba a sake ba shi ko saƙon gaisuwa. A rana ta uku na je buron kamfanin na ajiye musu aikinsu da makullin motarsu. Ban iya ci gaba da zama a garin da zan iya sake gamuwa da Sidi ba, shi ya sa muka tattara muka taho nan kusa da dangin innarki na Abalessa, kina 'yar shekara shida. Wannan shi ne asalin shagon da kika tashi kika gani.

Saboda haka ga abin da nake so ki riƙe fiye da duk sauran. Idan mutum ya ce bai yarda ba, ki ce bai yarda ba. Idan ministanku ya yi magana mai kaifi ga jakadan babbar ƙasa, ki kai ta da kaifinta, kada tsoron girman ƙasar ya sa ki zuba mata ruwa. Idan jakadan ne ya yi barazana a cikin lafazi mai daɗi, ki fito da barazanar fili yadda wanda kike wa aiki zai gane an yi masa ita. Za a samu wanda zai kafe ki da ido kamar yadda aka yi mini, zai ce miki abotar ƙasa da ƙasa ce ke hannunki, ki sassauta. Ƙarya ne. Abotar da sai an ɓoye ƙin yardar talaka kafin ta tsaya, gara ta faɗi tun a ɗakin. Kuma duk takardar da za a sa wa hannu, ki karanta ta a harsunan biyu, layi bayan layi, ko da manya suna tsaye suna duba agogo. Su jira.

Da na ce miki daga nan na yi hankali, da na yi miki ƙarya. Kuskurena na uku kin ga farkonsa da idonki, ƙarshensa ne aka ɓoye miki don kina tsakiyar jarrabawa a Aljer.

Lokacin da sojoji suka karɓi mulki a gida aka ce wa sojojin Faransa su kwashe kayansu, na yi murna, kuma har gobe ba na neman gafarar kowa a kan wannan murna. Da aka ce na Amerika ma su bar Agadas, na raba goro a layinmu. Ƙasa tana da ikon ta ce wa baƙo zamanka ya isa. Amma ban tsaya nan ba. Na ga matasa a waya suna ɗaga tutar Rasha a titunan Yamai, sai na sa wani tela ya ɗinka mini ita, na rataye a cikin shago sama da buhunan lalle. Kin zo hutu kin gan ta, kika tambaye ni, Baba, me suka taɓa yi maka? Na ce miki ke yarinya ce, karatun takarda kawai kika sani. Ki yafe mini wannan amsa. Ba ni da wata ne.

Wata ranar kasuwa kawunki Agali ya shigo da dabino daga gonarsa. A lokacin dangin matarsa sun gudo daga arewacin Mali, daga yaƙin da ake yi a can, suna zaune cike da gidansa a Abalessa, kuma a cikin masu yaƙin akwai baƙin da tutar nan ta ƙasarsu ce. Ya tsaya ya dube ta, ya roƙe ni a hankali in sauke ta, ya ce akwai mata a gidansa da in suka ga wannan ƙyalle ba za su iya cin abinci ba. Maimakon in ji shi, sai na hau shi da faɗa a gaban mutane. Na ce masa su dama ba su son ƙasashenmu su tsaya da ƙafafunsu, na ce masa ɗan koren Faransa, mutumin da kakansa ya mutu yana yaƙar Faransa a cikin duwatsun nan. Bai rama ba. Ya ajiye dabinon da ya kawo wa innarki a bakin shago ya fita. Wata bakwai bai taka gidanmu ba, ni ma ban je ba. Innarki tana zuwa Abalessa ita kaɗai.

Ana cikin haka gwamnatocinmu, ta Nijar da ta Aljeriya, suka ɓata. Aka janye jakadu, rediyon kowane gefe yana zagin ɗayan, manyan motocin da ke sauka kudu suka ragu, kayan da ke zuwa mana daga Maraɗi suka riƙa kwana a dowan, hannun 'yan kwastan, har su lalace. Mu 'yan Nijar da ke Assihar muka koma magana ƙasa-ƙasa. Abokan cinikin da muka yi shekaru muna gaisawa suka fara wuce shagona suna kallon gefe. Babu ko ɗaya daga cikin waɗanda na rataye tutarsu da ya san ina duniya.

Wata safiya jandarma suka zo duba takardu a kasuwa. Katin zamana yana buro ana sabunta shi, abin da ke hannuna 'yar takardar shaida ce da ta tsufa. Aka sa ni a mota tare da wasu, aka kai mu wani fili mai katanga a bayan gari, inda ake tara waɗanda za a mayar bakin iyaka. Mun fi ƙarfin inuwar da ke wurin. Yawancinsu magina ne da 'yan aikin ƙarfi daga Kance da Matamaye, wasu da siminti a hannuwansu, an ɗauko su daga kan aiki. Na zauna a ƙasa da furfurata ina tunanin shekara ashirin da na yi a garin nan, da innarki da ba ta san inda nake ba.

Wajen azahar na hango Agali a bakin ƙofa. Innarki ce ta kira shi, ya bar ban ruwa a gona ya kamo hanya. Ya zo da takardar aurenmu, da takardun shago, da nasa katin ɗan ƙasa. Ina kallonsa ta tsakanin ƙarafan ƙofa yana bin wannan jami'i yana bin wancan, ana ce masa ya jira, yana jira a rana, mutumin da ya girme ni da shekara biyar. Sai bayan la'asar aka kira sunana. Da muka shiga motarsa na kasa dubansa. Mun yi nisa kafin na iya cewa ban yi zaton zai zo ba. Bai ɗauke ido daga hanya ba ya ce:

"Ban ji an ce ƙanwata ta janye jakadanta daga gidanka ba."

Na yi dariya, dariyar ta juye ta zama kuka, shi kuwa ya ci gaba da tuƙi kamar bai gani ba. Washegari na sauke tutar, ban kuma rataye wata a wurinta ba. Na je Abalessa na gaishe da baƙin da ke gidansa, na zauna na ji abin da ya koro su.

Amma ki sani, ni kaɗai na fita daga filin nan a ranar. Sauran ba su da Agali. Na ga motocin da aka jera domin su. Yanzu ga shi ana maganar sulhu, wataƙila kafin ki saba da kujerarki ki ga manyan sun rungumi juna a telebijin ana kiran juna 'yan'uwa, wataƙila ma ke za ki juya musu kalmar. Babu wanda zai je Kance ya ba maginan nan haƙuri. Idan kina zaune a ɗakin da ake zaɓen kalmar da za a jefi maƙwabci da ita, ki tuna a kan wa take sauka.

Abin da na gane a makare shi ne, sau uku ina neman wanda zan jingina da shi, kuma kowane karo ƙin na baya ne ya tura ni hannun na gaba. Kada ki gaji wannan daga gare ni. Faransa, Amerika, Rasha, Sin, Turkiyya, Larabawan Gabas, duk za su zo, kowa da abin da yake so, ƙarfen da ke ƙarƙashin ƙasarmu, ko man, ko filin da zai ajiye jiragensa, ko hannun da za mu ɗaga masa a taron duniya. Ba laifi ba ne su so, mu ma muna da abin da muke so a wurinsu. A yi ciniki da kowa ido cikin ido. Waɗanda kike ji suna zagin juna a rediyo, na sha ganin mutanensu a otel ɗaya a Agadas suna cin abinci a tebur ɗaya, kuma ranar da za su shirya ba za su nemi shawararmu ba. Wanda ya kori maigida ɗaya don ya durƙusa wa wani bai je ko'ina ba, na gwada da gwiwoyina. Su kuma maƙwabta, Aljeriya da Mali da Najeriya da sauransu, babu jirgin da zai zo ya kwashe su, da su za mu tsufa ko ana shiri ko ba a yi.

Na san abin da ake faɗa a kan tafiyarki. Shekaranjiya bayan sallar la'asar wasu 'yan kasuwa suka tare ni, wai don suna ƙaunata. Ɗaya ya ce aikin nan ba na mace ba ne. Wani ya ce a Yamai za a ce ke 'yar leƙen asirin Aljeriya ce saboda innarki da karatunki, a nan kuma za a ce kin ci gurasarsu kin koma kina yi wa wasu aiki, ni kuma da ke zaune a ƙasar mutane ni zan sha wahalar. Na bar su suka gama. Na ce musu duk abin da suka lissafa zai iya faruwa, kuma za ki tafi. Na ce shekara da shekaru muna zaune a bakin shago muna kukan cewa ana yanke mana hukunci a ɗakunan da babu namu a ciki, yau Allah Ya ba ni 'yar da za ta shiga ɗakin, ba zan tsare ta a gida don in samu kwanciyar hankalin sayar da citta ba. Idan katin zamana ne abin da za a karɓa a kan haka, a karɓa, na riga na ga filin, na san inda inuwarsa take.

Ke ma kada ki sunkuyar da kai idan aka yi miki gorin innarki. Ki ce eh, uwata 'yar Abalessa ce, ubana ɗan Damagaram, na sha ruwan ƙasashen biyu, shi ya sa ba za a iya yi mini ƙarya a kan ko ɗaya ba. Kada ki karɓi kyautar da ba za ki iya faɗa wa shugabanki kin karɓa ba. Abin da kika ji a ɗaki ki bar shi a ɗaki, ko ni na tambaye ki kada ki gaya mini. Ki riƙe sallarki a kan lokaci ko da taro ya yi tsawo, ki nemi gidan gwaggonki Hajiya Rabi a Yamai tun makon farko, tana da faɗa amma ba za ta bari ki zauna da yunwa ba.

Wata rana za ta zo, ban san ko kusa ko nesa ba, da za a so ki faɗi abin da ba shi aka faɗa ba, kuma za ki gane cewa aikinki ne a kan layi. Ba na so a ranar ki tuna da mu ki ji tsoro, ki ce iyayena sun tsufa, sun sa rai a kaina. Ba mu aike ki don ki ciyar da mu ba. Idan aka kore ki saboda kin kai maganar wani yadda ya faɗe ta, ki hau mota ki taho gida da rana tsaka, kada ki ɓuya. Ni da kawunki za mu tarye ki a tasha, in yanka rago, in kira duk layinmu na Assihar su zo su ci, in tsaya a gabansu in gaya musu dalilin.

Allah Ya kai ki lafiya, Ya tsare gabanki da bayanki, Ya daidaita harshenki a kan gaskiya, Ya sa ki fi ubanki ƙarfin zuciya. Allah Ya haɗa ki da shugabanni masu jin magana, Ya raba ki da masu daɗin baki. Ya zaunar da ƙasashenmu lafiya, Ya mayar da duk wanda ke kan hanya gidansa. Innarki ta sa miki albarka, ni ma na sa miki, duniya da lahira. Idan kin sauka ki kira ta kafin ki kira ni.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinki,
Iliyasu